Yaya za a auna ingancin bayanin kayan aikin da wakilan AI ke amfani da su?

Mai_Gwajin_Manhaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda ke gina wakilan ƙirƙirarriyar basira ce, wato manhajojin AI da ba sa tsayawa a kan ba da amsa, har sukan kira wasu kayan aiki da kansu domin su binciki rumbun bayanai, su aika saƙo, ko su gyara fayil. Duk kayan aikin da aka miƙa wa wakili yana zuwa da suna, da taƙaitaccen bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cika kafin a kira shi. Wannan rubutun shi ne kusan iyakar abin da wakilin ya sani game da kayan, tunda ba ya ganin kod ɗin da ke ciki, wato umarnin kwamfuta da aka rubuta kayan da shi.

A wurin aikinmu an ɗora mini nauyin duba waɗannan bayanai in ba su maki, kuma takardar da ake bi tambayoyi uku kawai take yi: ko akwai bayani, ko an faɗi ma'anar kowane gurbi, ko an kawo misali. Sai na lura akwai kayan aikin da suka cinye makin gaba ɗaya amma wakili yana ta tuntuɓe a kansu, akwai kuma masu bayanin layi biyu da ba a taɓa kawo ƙorafi a kansu ba. Abin da na tsaya a kai shi ne, karatu ba ya auna ingancin irin wannan bayani. Sai an sa wakili ya yi aiki da shi an ga abin da ya aikata. Ina son jin wanda ya saɓa mini, da hujjar da ya dogara da ita.

Zaren_Kod:
Wa alaikumus salam. Ina tare da kai, Malam, domin gani ya kori ji. Hanyar da muke bi ita ce mu tara ayyuka irin waɗanda mutane ke nema da gaske, mu riƙe injin harshen ɗaya (wato manhajar AI da ke karanta rubutu tana yanke wa wakilin shawara), mu riƙe kayan aikin yadda suke, sannan mu canza rubutun bayanin kaɗai. Idan sakamako ya canza, mun san daga bayanin ne. Abin da muke dubawa a kowane aiki shi ne ko wakilin ya zaɓi kayan da ya dace, ko ya cika guraben daidai, da kuma yawan kiran da ya yi kafin ya kai ga biyan buƙata. Akwai na huɗu da mutane ke yawan mantawa da shi, wato ko ya san lokacin da bai kamata ya kira komai ba. Masu binciken Jami'ar California da ke Berkeley, a jadawalin gwajinsu mai suna Berkeley Function Calling Leaderboard, sun ware sashe na musamman ga wannan yanayin, inda babu kayan da ya dace da tambayar kuma amsa ta gari ita ce a ƙi kiran kowanne. Bayanin da ya faɗi abin da kayan ke yi amma ya yi shiru a kan abin da ba ya yi, a nan yake faɗuwa.

Malama_Mai_Alƙalami:
Ni aikina rubuta jagororin manhaja ne, kuma ban yarda a jefar da karatu gaba ɗaya ba. Gwaji yana nuna abin da ya faru a kan ayyukan da ka tuna ka sa a ciki ne kawai. Idan bayani ya ce kayan yana dawo da dukkan sakamakon bincike, alhali kod ɗin shafin farko kaɗai yake dawowa da shi, gwajinka zai iya wucewa lafiya lau muddin rumbun gwajin ƙarami ne da bai cika shafi ɗaya ba. Ranar da aka haɗa shi da rumbu na gaske, wakilin zai shaida wa mutum cewa babu sunansa a cikin rajista, kuma zai faɗa ne da cikakken tabbaci domin abin da bayanin ya gaya masa ke nan. Irin wannan saɓani tsakanin rubutu da kod, wanda ya zauna ya karanta su biyun a jere ne yake kama shi.

Saboda haka ina ganin tambaya ta farko ita ce ko bayanin gaskiya yake faɗa, sannan a zo kan ko wakili ya fahimce shi. Takardar makin da aka ba ka ba ta yi ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan biyu ba, shi ya sa ta gaza, amma gazawarta ba ta nufin duk wani nazari da ido ya gaza.

Sahihi_01:
Na goyi bayan Malama, kuma zan ƙara da batun ma'auni, domin a nan na fi ganin ɓarna. A rubuta gurbi a ce "lokaci", a bar shi haka. Wane lokaci? Lissafin lokacin Unix, wanda kwamfutoci da yawa ke bi, yana ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga 1 ga Janairu 1970, amma harshen rubuta manhaja na JavaScript yana ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, don haka lamba ɗaya za ta iya nufin ranaku biyu masu nisan gaske a tsakaninsu. Haka kwanan wata: wanda ya rubuta 03/04/2025 a Amurka yana nufin 4 ga Maris, a Ingila kuwa 3 ga Afrilu ne. Bayanin da ya ce a bi tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, kuma ya faɗi yankin lokacin da ake lissafi da shi, ya toshe wannan ƙofar da jimla ɗaya.

Matsalar ta girmi AI. A shekarar 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da alƙaluman ƙarfin turi da ma'aunin fam, wadda ke karɓa kuma tana ɗaukar su a matsayin ma'aunin niyuton. Ƙwararrun injiniyoyi ne a ɓangarorin biyu. Wakilin AI kuwa sau da yawa ba ya tsayawa ya tambaya. Idan an bar masa giɓi yakan cike shi da abin da ya fi kama da daidai. Duk takardar maki da ba ta tambayi ma'auni, da tsarin rubutu, da iyakar ƙanƙanta da ta girma ta kowane gurbi ba, ni ban ɗauke ta da muhimmanci ba.

Mai_Gwajin_Manhaja:
Malama_Mai_Alƙalami, misalinki na shafin farko yana da ƙarfi. Amsata ita ce laifin rumbun gwajin ne da aka yi shi ƙarami, kuma da an gina shi yadda ya kamata da gwajin ya kama matsalar. Amma na gane cewa kafin mutum ya san ya kamata ya faɗaɗa rumbun, sai ya fara karanta kod ɗin ya ga akwai rabon shafuka a ciki.

Ɗalibin_AI:
Ina neman afuwa idan tambayata ta masu koyo ce. Tunda giɓi ne ke kawo kuskure, me zai hana a rubuta bayani mai tsawo sosai ga kowane kayan aiki, a sa duk abin da aka sani a ciki? Ba a ga an huta ba?

Zaren_Kod:
Tambaya ce mai kyau, ƙanena. Bayanan kayan aikin ba a wani wuri daban suke zaune ba. Ana cusa su ne cikin rubutun da injin ke karantawa a duk lokacin da zai yanke shawara, kuma wannan fili yana da iyaka, ana ƙirga shi da gutsattsarin kalmomi da ake kira token. Idan kana da kayan aiki hamsin, kowanne da bayani mai tsawon shafi, ka cinye fili mai yawa kafin mai amfani ya ce uffan, ka ƙara kuɗin kowane kira, ka kuma ƙara jinkiri. Abin da ya fi wannan muni shi ne jimlar da ta fi muhimmanci, misali gargaɗin cewa wannan kayan yana goge fayil ba tare da hanyar dawo da shi ba, takan nutse a tsakiyar surutu. Wannan ba ya nufin gajarta ita ce inganci. Bayanin kalma uku ya fi dogon bayani jawo kuskure a mafi yawan abin da na gani. Ma'aunin da nake amfani da shi shi ne in cire jimla ɗaya in sake gwaji. Idan babu abin da ya canza, kuma jimlar ba gargaɗi ba ce a kan abin da ba kasafai yake faruwa ba, to tana cin fili ne kawai.

Tsaro_Farko:
Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu ya ginu ne a kan zaton cewa wanda ya rubuta bayanin mutumin kirki ne da ya yi sakaci. Ina so a sa a lissafi cewa zai iya zama mugu. Tun da kamfanin Anthropic ya fitar da ƙa'idar Model Context Protocol (MCP), wadda ke tsara yadda ake haɗa wakili da kayan aiki, a watan Nuwamba na 2024, ya zama abu mai sauƙi mutum ya ɗauko sabar wani da bai sani ba, wato manhajar da ke samar da kayan aikin, ya jona wa wakilinsa, kayan aikin da bayanansu duka su shigo tare. A watan Afrilu na 2025 masu bincike a Invariant Labs sun nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, ta yadda wakili zai karanto fayilolin sirri na mai kwamfutar ya aika da su waje, alhali abin da mutumin ke gani a allonsa suna ne da taƙaitaccen bayani marar aibu.

Ku lura da abin da wannan ke nufi ga ra'ayin Malam Mai_Gwajin_Manhaja. Gurɓataccen bayani zai iya cin gwajin aiki da maki mafi girma, domin yana da amfani ga maharin kayan ya yi aikinsa na zahiri daidai. Idan abin da kake aunawa shi ne ko an kammala aikin kawai, ba za ka ga ɓarnar da aka yi a gefe ba. Dole mutum ya karanta cikakken rubutun da injin ke gani, harafi da harafi, kuma dole gwajin ya riƙa rubuta duk kiran da wakilin ya yi da duk abin da ya sa a cikin guraben.

Injiniyar_Saba:
Akwai wani ɓangaren bayani da ba a ambata ba tukuna, kuma a ganina shi ne rabin aikin: saƙon kuskure. Lokacin da wakili ya kira kayan aiki ba daidai ba, abin da ya dawo masa shi ne darasin da zai yi aiki da shi a kira na gaba. Idan lambar kuskure ta 400 kaɗai ta dawo, ko wata doguwar shara daga cikin kod, zai yi ta canza abubuwa da ka har ya gaji ko ya ƙirƙiro amsa. Idan kuwa saƙon ya ce gurbin kwanan wata ne ba daidai ba, ga tsarin da ake so, ga misali, galibi kira na biyu yakan yi daidai. A ƙa'idar sadarwar intanet ta HTTP ma an tanadi wannan tunanin: lambar 429 tana nufin kira ya yi yawa, ana kuma iya haɗa ta da Retry-After domin a faɗi tsawon jiran da za a yi, sannan takardar ƙa'ida mai lamba RFC 9457 ta 2023 ta shimfiɗa tsarin da sabar za ta bi ta bayyana matsala dalla-dalla.

Wata matsala da muka taɓa gani ita ce kayan aikin aika saƙo da ya yi jinkirin amsawa. Wakilin ya ɗauka aikin bai yiwu ba, ya sake kira, mutum ɗaya ya sami saƙo iri ɗaya sau da yawa. Babu inda bayanin ya faɗi ko maimaita kiran yana da haɗari. Tun daga lokacin, duk kayan aikin da ke canza wani abu a duniya, ina neman bayaninsa ya amsa tambayoyi biyu a fili: me zai faru idan aka kira shi sau biyu, kuma ana iya warware abin da ya yi ko ba a iyawa.

Tsaro_Farko:
Injiniya, ƙa'idar MCP ta tanadi alamomi domin waɗannan tambayoyin naki, irin su readOnlyHint (kayan karatu kawai yake yi), destructiveHint (yana iya gogewa ko lalata abu) da idempotentHint (maimaita kira ba ya ƙara canza komai). Sai dai ita kanta ƙa'idar ta ja kunne cewa ishara ce kawai, kada a dogara da su idan sabar ba amintacciya ba ce. Wanda ya rubuta kayan shi ne yake sa alamar, babu mai tilasta masa ya faɗi gaskiya. Don haka a wurin tantancewa, kasancewar alamar ba ta isa a ba da maki ba; sai an kira kayan sau biyu a wurin gwaji an ga ko abin da alamar ta faɗa haka yake.

Tsohon_Hannu:
Na daɗe ina karanta ku, kuma ina ganin akwai lokacin da gyaran bayani ɓata lokaci ne, domin kayan aikin ne kansa ke da aibu. Idan ka sami kanka kana rubuta sakin layi uku domin ka gargaɗi wakili kada ya faɗa wani rami, cike ramin ya fi. Injiniyoyin Anthropic sun ba da labarin irin wannan a rubutunsu na Disamba 2024 a kan gina wakilai: injin yana kuskure da gajeren adireshin fayil, wanda ya dogara da foldar da ake ciki, bayan ya sauya folda, sai suka canza kayan ya zama cikakken adireshi kaɗai yake karɓa, matsalar ta kau. Masu binciken Jami'ar Princeton da suka gina wakilin gyaran kod mai suna SWE-agent a 2024 su ma a kan wannan suka tsaya, cewa yadda aka tsara mahaɗar da ke tsakanin wakili da kwamfuta yana canza sakamako sosai ko da injin bai canza ba.

Haka abin yake a JSON Schema, tsarin da ake fayyace guraben kayan aiki da shi. Idan gurbi zaɓi uku kawai yake karɓa, a jera su da enum, wato jerin zaɓin da aka yarda da su kaɗai, maimakon a rubuta su cikin jimla ana fatan za a kiyaye. Idan gurbi wajibi ne, a sa shi cikin required, wato jerin guraben dole. Abin da tsari zai iya tilastawa, kada a bar wa rubutu. Mai tantancewa nagari ya kamata ya sami damar rubuta a rahotonsa cewa bayanin nan ba shi da gyara, a koma a sake ƙera kayan.

Ɗalibin_AI:
Na ga ana maganar fayil ɗin llms.txt a wurare da yawa. Shin shi ma yana cikin abin da ake tattaunawa?

Malama_Mai_Alƙalami:
Yana kusa amma ba shi ba ne. Jeremy Howard ne ya gabatar da shawarar llms.txt a watan Satumba na 2024, domin shafukan intanet su ajiye taƙaitaccen jagora cikin rubutu mai sauƙi wanda injin harshe zai karanta ya san inda bayanai suke. Wannan ya shafi dogayen jagorori ne da wakili zai je ya nemo idan yana buƙata. Abin da muke magana a kai shi ne ɗan rubutun da ke manne da kayan aikin a kowane kira. Bambancin yana da amfani, domin a tsarin Diátaxis na Daniele Procida an raba jagorori gida huɗu: darasin mai koyo, matakan yin wani aiki, bayanin dubawa, da sharhin fahimta. Bayanin kayan aiki na gida na uku ne, da ɗan abin da ya ɗebo daga na biyu a kan lokacin da ya dace a yi amfani da shi. Da yawa daga cikin munanan bayanan da nake gani, tallar manhaja ce ko tarihin yadda aka gina ta aka zuba a wurin da ake buƙatar bayanin dubawa.

Ina kuma so in koma kan batun gaskiyar bayani, domin ba abu ne da ake tabbatarwa sau ɗaya a wuce ba. Kod yana canzawa kullum, rubutu kuwa yakan zauna yadda aka bar shi. A harshen rubuta manhaja na Python akwai doctest, a na Rust kuma akwai cargo test, dukansu suna gudanar da misalan da ke cikin bayanin kod, ta yadda idan misali ya daina aiki za a sani nan take. Ina ganin ya kamata a yi wa misalan da ke cikin bayanin kayan aikin wakilai haka, a riƙa gudanar da su a duk lokacin da aka taɓa kod ɗin.

Mai_Ƙididdiga:
Ina da gargaɗi ga masu goyon bayan gwajin aiki, duk da cewa ni ma a cikinsu nake. Injin harshe ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum, don haka gudanar da aiki sau ɗaya da tsohon bayani, sau ɗaya da sabo, ba ya nuna komai. Sai an maimaita sau da yawa. Waɗanda suka tsara gwajin τ-bench a kamfanin Sierra a 2024 sun kawo ma'aunin da ke tambayar ko wakili zai ci aiki ɗaya a dukkan maimaicin da aka yi a jere, kuma lissafin yana da tayar da hankali: wakilin da ke cin aiki kashi 90 cikin ɗari, idan kowane gwaji zaman kansa yake, damar ya ci sau takwas a jere kusan kashi 43 ce kawai. Bayani mai harshen damo sau da yawa a nan yake bayyana, domin wakilin yakan fahimce shi ta wannan fuska yau, gobe ta waccan.

Abu na biyu, idan ka yi ta gyara bayani kana duban rukunin ayyukan gwaji guda ɗaya, a ƙarshe za ka rubuta bayanin da ya dace da waɗannan ayyukan ne kawai. A ware wasu ayyuka a ɓoye, kada mai gyaran ya gan su sai ranar auna sakamako. Na uku, makin da ka samu na bayanin ne tare da injin da ka gwada. Injin da ya fi ƙarfi yakan rufa wa mummunan bayani asiri ta hanyar hasashe mai kyau, ranar da aka koma ƙaramin inji domin rage kuɗi sai aibun ya fito.

Zaren_Kod:
Batu na uku na Mai_Ƙididdiga shi ya sa nake gwadawa da ƙaramin inji da gangan. Zan ƙara da cewa ba a auna bayani shi kaɗai, sai tare da maƙwabtansa. Kayan aiki mai suna search_users da wani mai suna find_customer kowanne zai iya samun bayani marar aibu, amma idan aka ajiye su wuri ɗaya wakili ba shi da hanyar sanin wanne zai ɗauka, sai idan kowanne ya faɗi abin da ya raba shi da ɗan'uwansa. Ka ɗauka sabon ma'aikaci ne mai basira aka miƙa wa takardun nan a ranarsa ta farko, ba shi da wanda zai tambaya. Idan shi zai tsaya yana waswasi tsakanin biyun, wakilin ma zai yi. Takardar makin da ke duba kayan aiki ɗaya bayan ɗaya ba za ta taɓa ganin wannan ba.

Mai_Gwajin_Manhaja:
Na gode muku ƙwarai. Har yanzu ina riƙe da cewa hukunci na ƙarshe a kan ko bayani yana aiki, daga abin da wakili ya aikata yake fitowa. Amma zan kai wa shugabannin sashenmu shawarar a sa karatu a gaba a matsayin sharaɗin shiga gwaji: a gwama bayani da kod, a duba ma'auni da iyakoki, a nemi ɓoyayyen umarni. Abin da ban samo wa mafita ba shi ne kayan aikin da ba namu ba, waɗanda ba mu da ikon ganin kod ɗinsu balle mu gwama.

Tsaro_Farko:
A irin waɗannan, mafi ƙarancin abin da za ka yi shi ne ka adana kwafin bayanin da ka tantance, ka sa manhajarku ta riƙa gwama shi da wanda sabar ke aikowa a duk lokacin da aka haɗu. Mai sabar zai iya canza rubutun bayan ka amince da shi, kuma idan manhajarku ba ta lura da canjin ba, makin da ka bayar jiya na wani rubutu ne daban da wanda wakilinku ke karantawa yau. Idan an ga bambanci ko na kalma ɗaya ne, a dakatar da kayan har sai mutum ya sake dubawa.

Tsohon_Hannu:
Dakatarwa a kan kowace kalma zai yi nauyi ga ƙungiyar da ke da sabobi da yawa, kuma na san inda hakan ke kaiwa: mutane su fara danna amincewa ba tare da sun karanta ba. Ni da zan raba su ne, kayan da ke karatu kawai a wuri ɗaya, masu gogewa ko aikawa ko biyan kuɗi a wani wurin, a tsaurara a kan na biyun. Sai dai rabon ma ya dogara ne da sanin abin da kayan ke yi da gaske, wanda kuma daga bayanin mai sabar muke samunsa. Injiniyar_Saba, ke da kike gudanar da irin waɗannan sabobi, wace hanya kuke bi ku tabbatar kayan da aka ce karatu kawai yake yi ba ya rubuta komai?